Hular Kawu da Hedifon

Kawuna dillalin shanu ne a Inugu, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba. Hularsa doguwa ce, tana shan sitati har ta tsaya da kanta. Da ita yake shiga kara, da ita yake hawa okada. Ko alwala ce, ɗaga ta kawai yake yi ya zura hannu.

Da aka sa ranar auren 'yarsa ta fari, wadda za a kai Fatakwal, sai ya ce shi ba zai iya yi mata nasiha baki da baki ba, don ya san kuka zai yi. Waƙa zai rera, a ɗauka, a sa mata a waya, ta riƙa jin muryar ubanta a can unguwar Borokiri. Shi ya tsara baitocin, amma ya kasa haddace su. Da yake na yi aikin rediyo, aka ɗora mini aikin karanto masa layi-layi a kunne, shi kuma yana rerawa.

Muka je wani ƙaramin situdiyo a Asata, na wani abokina haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ke tafe da Ibo da Turancin buroka a gefe. Ɗaki ɗaya ne, an manna katifu a bango. Kawu ya zo da hedifon ɗinsa da ya sayo a Anacha. Ya ce ya zaɓe shi ne saboda ya fi duk na shagon girma. Bayansa huji-huji ne kamar rariya.

Mai situdiyo ya juya shi a hannu ya ce, "Baba, wannan na jin kiɗa ne a gida. Yoyo yake yi. Duk abin da ya shiga kunnenka, makirfo zai ji."

"Tulu ne da zai yi yoyo?" in ji Kawu. "Kunna mana."

Aka kunna. Na koma lungu da nawa makirfon ina karanto masa. Da muka gama muka saurara. Ga muryar Kawu nan tana cewa 'yata ki riƙe mutunci, a bayanta kuma ga wata siririyar murya kamar ta sauro ta riga shi faɗa, cikin salon karanta labaran duniya. Har inda na ce "Kawu, ka yi sauri, kiɗa ya wuce ka" ya fito raɗau.

"Wane ne wannan mai katsalandan?"

"Ni ne, Kawu."

"To ka yi shiru mana."

"In na yi shiru, me za ka rera?"

Mai situdiyo ya ɗauko nasa hedifon, mai rufaffen baya da soso mai kauri da ke zagaye kunne. Ya bayyana cewa irin wannan ake ɗaukar murya da shi, domin sauti ba ya samun hanyar fita. Muka sake. Muka saurara. Sauron yana nan, har ya ƙara ƙiba.

Sai a lokacin na dubi Kawu da kyau. Ya ɗora bakan hedifon, wato lanƙwasar da ke ratsa kai, a kan hula, hular kuwa ta ɗaga shi sama, soson ya tsaya a saman kunnuwa, rabinsu a waje. Da yake ba ya ji sosai, ya sa an ƙure masa sauti, abin ya zama kamar lasifika biyu rataye a gefen kansa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "sai dai a cire hula."

Ya dube ni kamar na ce ya sayar da sa bashi. "Kai, ɗan nan, uwarka ma ba ta taɓa gaya mini haka ba."

Muka gwada dabaru. Muka juyo da bakan ƙarƙashin haɓa, yana buɗe baki ya zame. Muka mai da shi ƙeya, ya faɗo wuya. Mai situdiyo ya kawo shawarar a ɗaure da ɗankwali, muka ɗaure, Kawu ya fito kamar mai ciwon haƙori, kuma baki ya ƙi buɗuwa. Ga biki ya matso, ga waƙa babu.

"Baba, abeg," in ji mai situdiyo, "ko hula ko waƙa. Kai ɗaya ba zai ɗauki biyun ba."

Kawu ya koma kan benci ya zauna. Can ya kira ni da hannu, ya rage murya.

"Tsakaninka da Allah. In na cire, za a ji a muryar?"

"Za a ji me, Kawu?"

"Cewa ba hula."

Na tabbatar masa, da duk abin da na sani na aikin sauti, cewa makirfo ba ya ɗaukar wannan. Ya gindaya sharaɗi: a kulle ƙofa, a saki labule, mu biyu mu fuskanci bango. Mai situdiyo ya juya teburinsa da kwamfuta. Ni na tsaya hancina na gogar katifa, takarda a hannu.

Muka ji ɗan motsi a bayanmu, sannan ya ce, "Bismillah."

Ya rera tun daga farko har ƙarshe bai tsaya ba. A baitin ƙarshe muryarsa ta ɗan karye, muka bar ta haka. Da ya ce mu juyo, hula ta koma mazauninta. Muka saurara: muryarsa ce kaɗai, tsaf, babu sauro.

Ranar walima aka sa waƙar a lasifika. Amarya ta yi kukan da ubanta ya guje wa, ta sa aka maimaita. Kawu na zaune cikin abokansa yana kallon ƙasa, sai wani tsohon mahauci, abokin wasansa, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ashe kana da murya! Ta fito sakayau, kamar an sauke maka kaya daga ka."

Kawu ya dafe hularsa da hannu biyu. Ya juyo a hankali ya nemo ni cikin taro.

Har yau bai yarda cewa ba a ji ba.