Rakiyar Bakanuwa

Shekarar da na je Doha, abu ɗaya na riƙe a raina: in yi Umra da ƙafata. Ban taɓa zuwa Makka ba. Mutane suna ce mini Hajiya saboda furfura, ni kuma ina amsawa don ba a musu da mai gaisuwa. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana aikin gas a can. Shi ya sa aka ɗauko ni daga Zariya bayan na fita takaba. Ya ce in zauna wurinsu in huta, idan alhazai sun watse sai mu je.

Gidansu yana Ain Khaled, cikin wata unguwa mai katanga ɗaya da ƙofa ɗaya, gidajen duk kama ɗaya, sai lamba ke raba su. Matarsa likita ce, yarinya mai hankali, ba ta ɗaga murya. Ita ta fara lura da ni. Ranar da ta gan ni na tsaya a tsakiyar matakalar bene ina haki, ta kai ni asibiti aka auna ni ciki da waje. Suka ce zuciya lafiya lau, suga ya ɗan hau, ƙafa kuma ta manta aikinta. Ba su yi ƙarya ba. Takaba a zaune na yi ta, kafin ita kuma jinyar maigidana Malam ce, ita ma rabinta zama ne.

Da yamma ɗana ya zauna a ƙasa kusa da ni ya ce, “Inna, tsakanin Safa da Marwa akwai nisa, kuma sau bakwai ne, bayan an gama ɗawafi. In ƙafar ba ta ɗauka ba, akwai keken turawa. Malamai sun ce ba laifi.”

Na ce, “Na ji.”

Na ji na ce, ban ce na yarda ba. Mahaifiyata ta rasu da begen wurin nan a bakinta. Ni da Allah ya nufa zan taka shi, ban so in wuce a zaune ana tura ni kamar buhun masara ba.

To, sai aka sayo mini takalmi mai igiya, da wani agogo da aka ce yana lura da tafiyar mutum. A tsakiyar unguwar akwai ɗakin motsa jiki, da safe na mata ne. Surukata ta kai ni, ta ɗora ni a kan injin tafiya. Ga yadda yake, don wanda bai gani ba: wata baƙar tabarma ce mai gudu baya, kai kuma kana takawa gaba don kada ta zubar da kai. Bangon gabanka duk madubi ne. Akwai kiɗa, akwai sanyi mai shiga ƙashi. Kowace mace ta toshe kunnenta, ba mai gaida wata.

Ta ce, “Inna, kwanakin farko ne da wuya. Daga baya za ki ji jiki sakayau, rai ya yi fari.”

Na ga hakan a fuskar wasu. Akwai wata 'yar Indiya da ke saukowa jiƙe da gumi tana dariya ita kaɗai. Ni kuwa duk ranar da na sauko, sai in ji kamar an aiko mini da mummunan labari amma ɗan aiken bai iso ba tukuna. In dawo gida in kasa karin kumallo. In shiga ɗaki in rufe ƙofa. Jikokina su leƙo da wasansu, in kore su, ni da nake ajiye musu dabino a gefen zane. Sai bayan azahar abin ke sakina, gobe kuma a sake.

Ana nan, ana nan, aka ce ko injin ne bai karɓe ni ba. Aka gwada ni a kan keken da ba ya zuwa ko'ina, ƙuguna ya ƙi. Aka ce akwai ajin mata masu tsalle da kiɗa, na tsaya a bakin ƙofa na duba, na juyo. Aka ambaci shiga ruwa, na ɗaure fuska, ba a sake ambata ba. Muka koma kan injin.

Na daɗe kafin in gane abin da ke damuna. A garinmu mutum ba ya tafiya sai da inda za shi. Za shi barka, za shi ta'aziyya, za shi dubiya, za shi karɓo niƙa. Wanda aka ga yana ta takawa bai isa ko'ina ba, to, wani abu ne ya same shi. Ni kaina na yi irin wannan tafiyar sau ɗaya, a barandar asibiti, ranar da aka shiga da Malam aka rufe ƙofa. In je ƙarshe in dawo, in je ƙarshe in dawo, ƙirjina yana dukan uku-uku. Da injin ya ɗauki sauri, ƙirjin sai ya fara wannan dukan. Ashe shi bai san bambancin gudu da tsoro ba. In ɗaga kai kuma in ga wata tsohuwa a madubi tana ta sauri, ba ta matso ba, ba ta yi nisa ba.

Ban gaya wa kowa ba. Wata rana dai na ji ɗana yana waya a falo, yana tambayar yadda ake samun mai tura keke a Harami. Ya rage murya da ya ji takuna. Na wuce kicin na sha ruwa.

A makon nan ne wata Bakanuwa ta zo.

Tsohuwa ce kamata, gajera, mai faɗin murya. 'Yarta tana koyarwa a jami'a, gidansu yana can ƙarshen unguwar, bayan masallaci. Ta ji an ce an kawo wata tsohuwa daga gida, shi ne ta zo sannu da zuwa bayan la'asar. Ranar raina a ɓace yake tun safe. Muka gaisa, ta yi mini gaisuwar Malam, aka kawo mata shayin karak, ina ba ta amsa guntu-guntu.

Ta dube ni ta ce, “Daga ina aka kwaso ki?”

Na ce, “Zariya.”

Ta ajiye kofi. “Ashe baiwata ce. Shi ya sa na ga kina ta cin magani, kin ga uwargijiyarki.”

Tsakanin Kanawa da mu wasa ne tun kaka da kakanni, kuma wanda ya yi shiru shi aka ci. Na ce, “Wace ce baiwar? Wadda ta tako ta zo gaisuwa, ko wadda aka tarar a zaune?”

Ta yi dariya har da tari. Da ta tashi tafiya, ba don ina so ba na ɗauki mayafi. Baƙo ba ya fita shi kaɗai, sai an taka masa, haka muka taso muka gani. Na ce a raina iyakata bakin ƙofa. A bakin ƙofar kuwa ta fara ba ni labarin yadda ta yi shekara tana neman daddawa a garin nan, har ta samo wurin wata mata a unguwar Bin Mahmud. Labari bai ƙare ba, ba a juyawa a tsakiyar magana, sai na bi ta. Muka wuce gidan wasu 'yan Sudan, matar tana ba shuka ruwa, muka yi mata sallama ta amsa da fara'a. Muka wuce masallaci. Ban ankara ba sai ga mu a ƙofarsu.

Na ce, “To, a gaida gida.”

Ta ce, “Ke da gidajen nan duk iri ɗaya? Ki ɓata a ce Bakanuwa ta sayar da ke. Mu je in taka miki.”

Ta rako ni har ƙofarmu. A hanya ni ce ke magana, ina gaya mata yadda Malam yake son miyar kuka da man shanu, abin da ban yi zancensa da kowa ba tun da ya rasu. Da muka iso na ga bai kyautu babbar mace ta koma ita kaɗai ba, bayan ita ce baƙuwar. Na sake taka mata. Haka muka yi ta yi, na raka ta, ta rako ni, har aka kira magariba muna tsaye daidai masallaci. Nan muka raba hanya, kowa ta ɗauki rabinta.

Na shigo gida da gumi a goshi, na ce a zubo mini abinci. Surukata ta dubi fuskata, ta kama hannuna ta dubi agogon, ta sake dubana.

“Inna, ina kika je?”

“Rakiya.”

“Har ina?”

“Nan bayan masallaci.”

Ta ce agogon ya nuna na yi tafiyar da ta fi ta injin. Ta tambaye ni ko ƙirjin ya buga. Na ce ya buga, amma bakina yana aiki, ban saurare shi ba. A nan na gaya mata zancen barandar asibiti. Ta ce, “Da kin faɗa mini tun farko, Inna. Akwai masu irin haka, ba ke kaɗai ba ce. Khalas, shi ke nan, an bar injin.”

Ɗana bai gamsu ba. Ya ce, “Hira ai ba motsa jiki ba ce.”

Matarsa ta ce, “Ƙafa ba ruwanta da abin da baki yake yi. Sharaɗina ɗaya, su riƙa ɗaga ƙafa, har numfashi ya ɗan hau amma magana ba ta yanke ba. Kuma kullum.”

Wannan bai zama wahala ba. Bakanuwa ba ta iya tafiya a hankali ba, kullum kamar za a tashi kasuwa ba ta sayar ba. Ta kan waiwayo ta ce, “Yalla, mu je, Bazazzagiya, ko sai na ɗaura miki igiya?” Ni kuma in ce mata ta rage sauri, ba a raba gado a gaban masallaci. Kwanci tashi, ya zama ƙa'ida. Yau ita ta zo gaishe ni, gobe ni in je. A zauna kaɗan, a sha ruwa, a tashi rakiya. Ba mu taɓa cewa mun fito motsa jiki ba. Ranar da gwiwarta ta kumbura, dubiya na je, 'yarta ta rako ni, ban ji daɗin tafiyar kamar kullum ba, amma na yi ta.

Da zafi ya shigo, irin zafin garin nan da ko bayan la'asar bango yake huci, sai waje ya gagara. Surukata ta riƙa sauke mu da safe a wani babban kanti a Al Gharrafa, mai dogayen barandu da sanyi, kafin masu shaguna su gama buɗewa. Ranar farko muka yi ta zagaye, sai na ji abin nan na ɗakin madubi yana neman dawowa. Na tsaya. Bakanuwa ta dube ni, ta duba gabas ta duba yamma, ta nuna wani shagon turare a can ƙarshe ta ce, “Ga gidana.” Ta nuna na masu dardumai a ɗaya ƙarshen. “Ga naki, ya fi kama da ku, ba kowa a ciki. Taka mini.” Na taka mata. Har mai shagon turaren ya san mu, yana ɗaga mana hannu.

Bayan alhazai sun watse muka tafi, ni da ɗana da matarsa. Bakanuwa ta riga ta sauke farali tun da daɗewa, ba ta bi mu ba. Ta rako ni har bakin mota ta ce in yi mata addu'a, kuma kada in manta hanya.

Abin da na gani a can ba zan iya faɗarsa ba, ba zan gwada ba. Na yi ɗawafi da ƙafata. Da muka fito wajen Safa, masu keke suna jere, ɗana ya dube su ya dube ni. Na wuce. Wurin dogo ne, ƙasa da sanyi, mutane kamar ruwa, kowa bakinsa yana motsi. A zuwa na biyar ƙafata ta yi nauyi, ƙirjin ya fara dukansa. Na jingina da bango na zauna, surukata ta kawo mini zamzam. Ɗana ya sunkuyo ya ce, “Inna, in kira mai keke? Saura kaɗan, ba wanda zai ce ba ki yi ba.”

Na ce, “Ba ni hannunka. Taka mini zuwa can.”

Tun yana yaro ban riƙe hannunsa a gaban mutane ba, ɗan fari ne. Ya miƙo. Muka tafi a hankali, yana karanta addu'a ina amsawa. Da muka kai, na ce to mu koma. A kan Marwa muka ƙare, surukata ta yanke mini ɗan gashi a ƙarƙashin mayafi.

Kwana biyu da dawowarmu Doha, Bakanuwa ta zo barka da sauka. Na ba ta dabino da zamzam da carbi. Ta juya carbin ta ce ƙarami ne, halin Zage-zagi. Sannan ta ce, “A keke aka tura ki, ko? Faɗi gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba sai mutanen Kano.”

Na ce, “Da ƙafata.”

Ta dubi ƙafar. Ta ce, “Alhamdu lillahi.” Ta shanye ruwanta ta miƙe, ni kuma na ɗauki mayafi.