Kiran Taubashi

Sana'ata ita ce lallashin masu murya, kuma ko maƙiyina ban yi masa fatan ta ba. Da gyaran rediyo da garmaho na fara, a wani ɗan shago a unguwar Hindawiyya da ke Makka, a shekarun nan na sittin da gidan rediyon Jidda ya soma sa kiɗa ba tare da an yi ta waige-waige ba. Daga gyara na koma sayar da faifai, ina ɓoye shi a ƙarƙashin kanta saboda masu wa'azin da ba a tambaye su ba. Daga nan wani Balarabe mai kamfanin faifai a Jidda ya lura alhazan ƙasar Hausa ba sa komawa gida hannu rabbana, ya ce in riƙa samo masa mawaƙan Hausa. Ni zan nemo su, in kai su Jidda a ɗauki muryarsu, a aika ƙasar waje a buga, faifai ya dawo ta jirgin ruwa kafin aikin hajji. A bakin Larabawa ni wakili ne. A aikace kuwa ni ne direba, ni ne tafinta, ni ne mai ba da haƙuri.

Na sha fama da mawaƙa. Akwai mai kukumar da ya rantse na'ura tana shanye murya, akwai wanda ba ya iya waƙa sai ya ga ana yi masa liƙi. Amma duk cikinsu babu wanda ya ba ni ciwon kai irin goggona, yayar mahaifina.

Goggo ita ce mai waƙar bikin mata a unguwarmu, da bandiri a hannunta da 'yan amshi biyu a bayanta. Daga Hindawiyya har Rusaifa, Hausawa da Larabawa, ba a kai amarya sai an ji ko tana da sarari. Na yi shekaru ina roƙonta ta yi faifai, kullum amsarta ɗaya ce, wai faifan da ba ya rufe ƙwarya me za ta yi da shi.

Abin da ya sauya mata ra'ayi ɗanta ne na fari, taubashina, wanda aka haifa a Sudan tun ayarinmu bai ƙetare Bahar Maliya ba. A Makka ya girma, cikin 'ya'yan Larabawa, inda ake kiran uwa da sunan ɗanta na fari, Ummu wane, ta amsa tana washe baki. Tasa uwar kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa furta sunansa ba. "Kai." "Wancan." "Yaron nan." Kunyar ɗan fari ce irin ta gida ƙasar Hausa, kowa ya san ta, amma shi bai taɓa ganin gidan ba balle ya ga inda ake yin ta. Wata rana wata maƙwabciya Balarabiya ta kira Goggo da Ummu haɗe da sunansa, a gabansa, a gaban abokansa 'yan tasi, Goggo ta kawar da kai ta ƙi amsawa. Da aka gama hajji ya jingine motar da yake tuƙawa, ya bar matarsa a gidan uwarsa, ya bi jirgin alhazai. Sai dai mu ji labari jefi-jefi, wai yana tuƙa babbar mota tsakanin Sudan da Chadi.

Ran nan da hantsi sai ga Goggo a bakin shagona, ita da ba ta taɓa takowa ba.

"Kai ɗan nan, wannan faifan naka har ina yake zuwa?"

Na ce, "Duk inda alhaji ya sa ƙafa, Goggo. Babu teburin mai shayin da ba a sa shi a hanyar Sudan."

Ta gyara mayafi. "To zan yi."

Na gane nan take. Kira take so ta aika, ko yaron nan zai ji muryarta ya dawo. Na ji daɗi ƙwarai, don ina son taubashina, kuma ba zan ɓoye ba, ina son muryar Goggo a kantata. Ta tsara waƙar cikin 'yan kwanaki, waƙar uwa mai kiran matafiyi, wadda ko dutse ya ji sai ya yi laushi. Na saurara har ƙarshe, na ce, "Madalla. Ina sunansa?"

Ta dube ni kamar na ce ta ci naman kare.

"Goggo, 'ya'yan da suka gudu suka bar iyayensu a hanyar nan sun fi a ƙirga. In ba ki faɗi sunansa ba, ta yaya zai san da shi ake?"

"Ai ya san muryata."

"Ya san muryarki tun yana goye, kuma da saninta ya tafi. Ba murya yake nema ba."

"Kai dai ba ka da ta ido. Haka uwarka ta koya maka?"

Muka yi ta yi, har na gaji na kawo dabara. Ita ta rera ta bar gurbi, 'yan amshi su cike da sunan. Ta ce wannan ba laifi, kunnenta ne zai ji, ba bakinta zai faɗa ba. To 'yan amshin biyu ne. Ɗaya matar taubashin nawa ce, ita kuwa ba sai an gaya mini ba, ba za ta kama sunan miji ba. Ɗayar wata dattijuwa ce maƙwabciyarsu mai murya kamar algaita, ba ta haɗa komai da shi ba. Na ce da ita, "Yaya, ke za ki faɗa." Ta ce to. A wajen gwaji in an zo gurbin sai ta yi ɗan guɗa ta wuce, in na yi magana ta ce in bari sai ranar, ba a ɓarnar suna a banza. Na ɗauka wata hikima ce ta mawaƙa.

Ranar muka hau tasi zuwa Jidda da sassafe. Mai kamfanin ya ba mu ɗakin ɗaukar murya zuwa azahar, don daga nan wani mai garayar Larabawa zai shiga, kuma washegari ake aika duk abin da aka ɗauka. In muka rasa ranar, mun rasa hajjin bana. Ɗakin an lulluɓe bangonsa da darduma, an kashe fanka saboda ƙararta, zafi kamar cikin tanderu. Mai na'urar wani Bamisire ne mai fara'a. Da ya ga Goggo ya miƙe don girmamawa, ya tambaye ni da Larabci, "Ummu wa zan ce mata?" Na ce masa ya yi wa Allah ya zauna.

Na bayyana wa Goggo cewa fuska ɗaya ta faifai minti uku take ɗauka da 'yan kai, in jar fitila ta kama ta shiga waƙa kai tsaye. Fitila ta kama. Goggo ta yi bisimilla, ta yi salati, ta gai da mai kamfani, ta gai da Bamisiren da iyayensa, ta gai da matan Hindawiyya gida-gida. Tana shirin fara waƙar lokaci ya cika.

"Goggo, ba biki ba ne."

"Ka taɓa ganin an shiga gidan mutane ba sallama?"

Da ƙyar na samu ta rage sallamar zuwa abin da za a iya jurewa. Aka sake. Wannan karon ta shiga waƙar, kuma ban taɓa jin ta yi irinta ba, har Bamisiren da ba ya jin ko "zo" ya daina taɓa na'urarsa ya zuba mata ido. Aka zo gurbin. Goggo ta ɗaga murya ta saki. Matar taubashina ta sunkuyar da kai, wannan na san da shi. Dattijuwar ta buɗe baki, ta yi guɗa.

Na tsayar da aikin. "Yaya, yau ce ranar."

"Na sani."

Aka sake, ta sake guɗa. Na ja ta gefe, gumi na zuba mini har cikin ido, na ce ta gaya mini abin da na yi mata.

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Sunan surukina ne. Baban maigida, Allah ya jiƙansa."

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun da aka kai ni gidan mana."

"Me ya hana ki gaya mini a Makka?"

"Ai ba ka tambaya ba. Kuma na ga ka ƙwallafa rai, na ji nauyinka."

Wallahi sai da na fita waje na tsaya a rana don kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Mata uku, murya uku da babu kamarsu a Hijaz, suna ɗaya wanda rabin mazan unguwarmu ke amsawa, amma babu mai iya furta shi. Bamisiren ya biyo ni yana tambaya ko sunan na wani la'ananne ne. Na ce a'a, na wanda suka fi so ne. Ya ce bai fahimta ba, na ce ni ma da na fahimta ba ta amfane ni da komai ba. Ya nuna mini agogo, ya ce mai garayar ya iso yana shan shayi a ƙasa, sau ɗaya ya rage mana.

Na koma ciki. Fitila ta kama, Goggo ta ɗauko waƙar, ta zo gurbin ta saki. Na matsa gaban abin maganar, na ƙwala sunan taubashina da wannan muryar tawa ta mai gyaran rediyo. Hannun Goggo bai ɓata bugu ko ɗaya ba, amma na ga idonta ya rufe. Duk inda gurbin ya dawo na sake ƙwalawa, har waƙa ta ƙare. Bamisiren ya ce, "Halas," wato an gama. A hanyar komawa Makka babu wanda ya yi mini magana.

Mai kamfanin da ya saurara ya tambayi wane ne ya bar ƙofa a buɗe mai tallan ruwa ya shigo. Amma ya aika, don ba lokaci. Faifai ya dawo, alhazai suka kwashe shi tas, ya tafi inda na ce zai tafi. Muka zauna jira. Goggo ba ta taɓa tambayata ko an ji wani abu ba, sai dai ta riƙa bi ta gaban shagona a hanyar da ba tata ba.

Da hajji ya zagayo, wani alhaji direba daga Chadi ya zo yana neman mai faifan Hindawiyya. Ya ce tare suke lodi da taubashina, kuma a teburin mai shayi suka ji waƙar. Ya ce taubashin nawa ya sa aka maimaita masa har mai shayin ya gaji, sannan ya ba shi saƙo in ya zo Makka.

"Ya ce a gaya maka ya ji. Ya ce muryar uwarsa ce, amma kiran naka ne, kiran taubashi kuwa wasa ne. In ita ke nemansa, ta san sunansa."

Na rufe shago da tsakar rana na nufi gidan Goggo, raina a ɓace, da shi da ita da duk wanda ya ƙago kunya. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, surukarta na gefe. Na faɗa mata saƙon yadda aka faɗa mini, ban rage masa ɗaci ba.

"Goggo, mu koma Jidda. Zan roƙi mai kamfanin ya sake ba mu ɗakin. Kalma ɗaya ce. Ki faɗa sau ɗaya, in kin so in fita, in fitar da kowa, ki faɗa wa na'ura."

Ta ci gaba da tsintar. Can ta ce, "Ni ma 'yar fari ce. Uwata ba ta taɓa faɗin nawa ba. A hanyar Darfur, ina da cikin yaron nan, ita ta riƙa bar mini ruwanta tana cewa ta sha, har muka binne ta a can. Ban taɓa zama ina jiran ta kira ni ba."

"Shi ba a ƙasar Hausa ya tashi ba, Goggo."

"Na sani."

"To za ki faɗa?"

Ta watsar da tsakuwar da ke hannunta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Shi alhajin, ya ce maka wancan ɗin ya rame?"

Na ce bai rame ba, ko da yake alhajin bai ce mini komai a kan haka ba. Ta ce alhamdu lillahi. Surukarta ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule. Goggo ba ta sake zuwa Jidda ba, shi kuma bai zo ba, a wannan hajjin da duk waɗanda suka biyo baya.