Manhajar Rigakafin Shanu ta Mu'minat

Mu'minat Lawal 'yar makiyaya ce daga Gwiwa, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kazaure. Shekarar da ciwon huhu ya kashe wa mahaifinta shanu, ta zauna ta haɗa manhajar waya mai tuna wa makiyayi lokacin rigakafi, da Hausa da Fulatanci. Ta sa ta a intanet kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara, da sharaɗin a bar sunanta a jiki.

Sai wani kamfani a birni ya ɗauka, ya goge sunan, ya canja launi, ya shiga sayarwa. Da ta yi magana, wata jarida ta buga cewa malamar ƙauye ce ta kwafi aikin matasa masu basira, tana neman suna. Ko kiranta ba su yi ba.

Mahaifinta ya ji labarin a rediyo a kasuwar Roni, ya kira ta.

"Mu'mina, wai sata kika yi?"

"Baffa, ni aka yi wa sata!" in ji ta.

Ta hau mota har ofishin jaridar, ta nuna wa edita ranar da ta fara sakin aikin. Ya duba, ya ce ai labarin ya riga ya wuce. Har yau ba su janye labarin ba. Mu'minat na nan tana koyarwa, amma duk wanda ya ambaci jaridar nan a gabanta, sai ta tashi ta bar wurin.