Tsiren da na hana Baba Iro

Jama'a, idan mutumin da ya riƙe ka ya roƙe ka tsinken tsire guda ɗaya, kai kuma ka san an hana shi, za ka ba shi ko ba za ka ba shi ba?

Ina tambaya ne don ni ban ba shi ba. Yau da safe ina wanke faranti sai ɗansa ya kira ni a waya, ya ce Baba Iro ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Baba Iro mai tsire ne, tukubarsa tana kusa da tasha a nan Daura. Ni bara na zo daga ƙauyenmu can wajen Mashi, ban san kowa ba. Ina tsaye ina kallon nama sai ya miƙo mini yanka ɗaya, ya ce in ci in faɗa masa gaskiya. Na ce gishiri ya yi yawa. Yaransa suka kama dariya, shi bai yi ba. Ya ce gobe in dawo.

Aikina ke nan, ɗanɗano. Daga baya na gane dalili. Ciwon ƙoda gare shi, likita ya ce ya rage nama sosai, ya bar gishiri da magi. Mutumin da tun yana yaro yake gasa nama, ga shi ba ya sa na kansa a baki. Shi ya sa yake kirana Harshe. Har yau a tasha ba kowa ya san sunana Nasiru ba.

Wata rana na raka shi asibiti. Likita ya ce ƙoda ce take fitar da asid daga jini, wani irin tsami ne, in ta gaji sai ya taru, shi kuma ya ƙara gajiyar da ita. Nama yana ƙara shi, ganye da kayan lambu suna rage shi. Na ce to ai kanwa tana kashe tsami, haka innata take yi wa yakuwa, a dama masa kunun kanwa mana. Likita ya ce kada mu kuskura, akwai ƙwayar da aka auna masa daidai jikinsa. Baba ya ce a ƙyale ni, a garinmu ko ƙafa ce ta karye kanwa ake jiƙawa.

To haka ya koma cin kabeji da karas da zogale. Ko a ganyen ma, in an yi gwajin jini sai a ce ya rage wani. Yau a ce ci, gobe a ce rage. Ni dai har yanzu ban gama ganewa ba.

Abokansa mahauta kuma in sun zo dubiya nama suke kawowa, wannan hanta, wancan farfesun kai, wai don ya samu ƙarfi. Bai taɓa mayar wa kowa ba. Ya karɓa, ya sa albarka, suna fita ya turo mini kwanon. Ina ƙiba, shi yana ramewa.

Abin da yake tsoro shi ne a kai ga ɗora shi kan na'urar wankin ƙoda. Ya ce duk yadda zai yi ya ja lokacin, zai yi. A nan ya sa na yi masa alkawari.

Ya ce, "Harshe, akwai ranar da zan roƙe ka. Ranar kada ka ji tausayina."

Ranar Talata bayan la'asar na kai masa gashin farko gida, don tun da ya daina fitowa kullum sai ya gani da idonsa. Yana zaure kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura. Ya shaƙi ƙamshin, ya ce in ba shi tsinke ɗaya. Na ce Baba, kai fa ka ce kada in ba ka. Ya ce e shi ya ce, yanzu kuma shi ɗin ne yake cewa in ba shi.

Na mayar da takardar tsiren bayana.

Ya kalle ni. Sai ya yi dariya, ya ce to in zauna in ci a gabansa, a hankali, in faɗa masa yadda yake. Na ci, ban ma ji abin da nake ci ba. Na ce ya yi daidai.

"Ƙarya kake. Ƙuli ya sha wuta, daga nan nake jin sa."

Da gaskiyarsa kuwa. Rabona da shi ke nan.

Ɗazu a maƙabarta wani mahauci ya ce mini tsinke ɗaya ba abin da zai yi masa, da na ba shi ya tafi da daɗinsa. Hajiya matarsa kuma ta ce amana ya ba ni, na riƙe, kada in sa komai a raina. Ban san maganar wa zan ɗauka ba. Da na san kwanansa ya ƙare... to amma wa ya sani?

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya gafarta masa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Allah ya ciyar da shi a Aljanna da abin da ya haƙura da shi a nan. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ko da bai taɓa cin tsirensa ba.

Bari in tafi. Hajiya ta aiko, suna dafa wa masu zaman makoki abinci. Ta ce tun da aka hana shi gishiri hannunta ya manta yadda ake sawa, in zo in ɗanɗana.