Rakiyar Surukina Gwajin Allura a Haɗejiya

Liman na sallame sallar asuba muka bar Auyo, ni da surukina, shi a gaba ni a baya da taku goma, sai ka rantse faɗa muka yi. Ba faɗa ba ne, kunya ce. Shekara shida ke nan da na auri 'yarsa, amma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban kuma taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba. To ga shi Allah ya haɗa mu tafiyar kwana uku, daga ni sai shi.

Baba, wato surukin nawa, wanzami ne, kuma rabin kawunan garinmu shi ya yi musu askin suna. Tun farkon damina wani farin tabo-tabo ya fito masa a kafaɗa da damtse. Ran nan yana yi wa wani aski hannun rigarsa ya zame, mutumin ya gani. Kafin kasuwa ta sake ci magana ta zaga gari, wai babban ciwo ne, kuturta. Ba wanda ya faɗa masa a fuska. Sai dai tabarmarsa ta kasuwa ta koma wurin kwanciyar awaki, masu suna kuma suka fara aikawa ƙauyen gaba a kira musu wanzami. Ba shi da gona ta kirki, ba shi da ɗa namiji, askar nan ita ce tuwonsa. Matata ta yi kuka har na gaji da rarrashi. Da muka ji labarin wani likita Bature da ke zuwa bayan garin Haɗejiya yana binciken ciwon fata, sai na lulluɓe keken ɗinkina na ce zan raka shi.

Ruwan bana bai janye ba tukuna, hanyar ƙasa duk ta nutse, dole sai kwalekwale. Ni kuwa da ruwa ba ma ga maciji, ko wanka a bakin gulbi sai na riƙe ciyawa. Mai kwalekwalen, wanda bai san tsakaninmu ba, ya zaunar da mu fuska da fuska, gwiwata na gugar ta Baba. Haka muka yi tafiyar hantsi guda, shi yana nazarin sararin sama, ni ina nazarin ganyen bado. Amma fadamar nan akwai kyau, Allah ya sani. Shinkafa ta fid da kai ta tsaya cikin ruwa iyakar ganinka, dinya da balbela suna tashi garke-garke, masunta kuma sun kifa ciki a kan manyan goruna suna yawo da homa kamar a tsakar gidansu.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai a jirgin. Wata dattijuwa ta miƙo wa Baba ruwan sha a ƙwarya, sai ya yi godiya ya ƙi karɓa, ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙoƙo nasa shi kaɗai. Ba wanda ya san shi a wurin, rigarsa kuma a rufe take har wuyan hannu. Shi da kansa ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Na ji tausayinsa ƙwarai.

A mashigin da muka sauka mata na sayar da bandar tarwaɗa, ta kwabo biyu sai ta ƙosar da ƙato. Na saya na zagaya bayan wata tsamiya don in ci a ɓoye. Ina zagayawa sai ga Baba a tsugune da tasa tarwaɗar, shi ma wurin ya zaɓa. Na ce, "Sannu da hutawa, Baba." Ya ce, "Yauwa." Na koma gindin wata goruba da ba ta da inuwar kirki na ci tawa cikin rana.

Da la'asar muka shiga Haɗejiya. Motocin gyaɗa na ta fita zuwa tashar jirgi a Malam Madori, kowace da mutane a kan buhuna. Baba yana da abokan sana'a a garin amma ya ƙi mu sauka wurinsu, sai muka nemi gidan wani fatoma, Babarbare mai saukar da baƙi, wanda ya cika mu da lale marhabin da tuwon shinkafa miyar kifi. Baba ko rabin nasa bai ci ba.

Washegari muka je wurin likitan, ɗaki biyu ne na jar ƙasa da rufin kwano, sai wata doguwar rumfa cike da mutane tun da sassafe. Na zauna kusa da wata mata daga wajen Miga, yatsunta biyu sun lanƙwashe. Ita ta ba ni labarin wurin. Ta ce da allurar wani mai ake yi musu, mai zafi kamar an zuba barkono a ƙarƙashin fata, kuma sai mutum ya bar gidansa ya tare a unguwar masu ciwon. Yanzu kuwa wata 'yar farar ƙwaya ake gwadawa, ka zo ka haɗiya a gabansu ka koma gonarka. Likitan yana da takardu masu hoton mutum gaba da baya, yana zana tabon kowa a kai, in an jima ya sake aunawa ya ga ko ya ragu. Wai so yake ya gano iyakar ƙwayar da za ta kashe ciwon ba tare da ta wahal da mai shi ba. Ta ɗaga mayafi ta nuna mini goshinta, ta ce da duk jajir yake.

Malamin asibitin da ke yi wa Baturen tafinta ɗan Haɗejiya ne, mai fara'a. Da layi ya zo kanmu ya ce mai rakiya ma ya shigo. Ya yi mana bayani cewa ba kowane farin tabo ne babban ciwo ba. Tabon kuturta matacce ne, ba ya gumi, ba ya jin taɓi, ko an soka masa allura mai shi ba zai ji ba. Saboda haka za a rufe wa Baba ido a gwada.

Baba ya tuɓe riga, aka ɗaure masa ido da ƙyalle. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don ba zan tsaya ina kallon surukina ba riga ba. Baturen ya ɗauki allura ya soka a tabon kafaɗa.

"Baba, ka ji zafi?" in ji malamin.

"Ban ji ba."

Aka soka a damtse. "Nan fa?"

"Ban ji ba."

Baturen ya girgiza kai, ya jawo takarda mai hoton mutum ya fara zane. Na ce a raina shi ke nan, ta tabbata. Ya sake ɗaukar allurar ya soka a wani wurin, kuma da yake idona na ƙasa, sai na ga abin da su ba su gani ba. Babban yatsan ƙafar Baba ya dunƙule ya kafe a daɓe. Aka zare allura, ya saki. Aka sake sokawa, ya sake dunƙulewa, bakinsa kuwa na cewa, "Ban ji ba."

Nan na gane. Mutumin da ya shekara arba'in yana yi wa mutane tsaga da ƙaho yana ce musu namiji ba ya raki, shi ne zai ce 'yar allura ta yi masa zafi a gaban mijin 'yarsa? Ya gwammace a rubuta shi kuturu. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce surukina ya faɗi ba daidai ba. Sai na yafito malamin zuwa bakin ƙofa na raɗa masa, "Malam, surukina ne. Don Allah a sake gwadawa ba na nan."

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya toshe baki da hannu don kada dariya ta kuɓuce masa. Ya ɗaga murya ya ce, "Mai rakiya, jeka waje ka jira, ka yi nisa."

Ban yi nisa ba, a gindin taga na raɓe. Can sai na ji muryar Baba, "Wash! Kai, ku bi a hankali mana, fatar mutum ce!" Wallahi ban taɓa jin daɗin ihun wani mahaluki kamar wannan ba. Na zauna daɓas a ƙasa ina hamdala.

Sun ɗan tsaga fatar kunnensa, sun kankare tabon sun duba a madubin likita. Malamin ya fito ya ce kyasbi ne kawai, irin wanda gumi da damshin fadama ke kawowa. Aka ba shi wani man shafawa mai warin farar wuta, da takarda mai hatimi, aka ce ya dawo bayan girbi a sake dubawa. A hanyar dawowa ba wanda ya ta da maganar allura, kuma ba za a taɓa tayar da ita ba. Amma Baba ya yi ta hira da mai kwalekwale har yana koya masa wasa wuƙa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, dauriya da kunya ado ne a gida, amma a ɗakin likita suna iya jawo wa mutum ciwon da ba shi da shi. In za ku kai babba asibiti, ku kai shi ƙofa ku ja da baya. Kuma duk mai tabo ya je a duba, ko da ciwon ne ma yanzu ana shan magani.

Sai dai takarda ba ta aske kai. Ran kasuwa Baba ya shimfiɗa tabarma ya buɗe zabira, na karanta takardar da ƙarfi har sau biyu, mutane suka ce madalla, amma kowa ya tsaya daga nesa. Hantsi ya yi, ba wanda ya zauna. Na ga Baba ya fara mai da asake cikin zabira ɗaya bayan ɗaya.

A garinmu suruki ba ya aske surukinsa, ban taɓa jin an yi ba. Na cire hulata, na ratsa mutane na zauna a gabansa. Sai na ji tafin hannunsa da ruwa mai sanyi a kaina.

"Sunkuya da kyau, ɗana," in ji shi.

Bai kai ga ƙeyata ba na ji sarkin pawa a bayana yana cewa, "Ku matsa mini, in ya tashi ni ne."