Gutsattsarin Burodin Goggo Hallbera

Goggo Hallbera, yayar babana, ba ta taɓa yarda ta tsufa ba. Gwiwarta ce ta tsufa, in ji ta, ita kam tana nan. Gidanta ne na ƙarshe a kwarinmu da ke arewacin ƙasar Aislan, daga shi sai duwatsu. Nan aka kawo ta amarya, nan ta haifi 'yarta tilo Unnur. Bayan rasuwar mijinta ta sayar da tumakin, ta rage kaji da wani tsohon kare da ba ya jin kira sai na abinci.

Abin da aka san ta da shi a duk kwarin shi ne burodin ganye. Da zarar sanyi ya kankama, rana ta fara leƙowa kaɗan ta koma, sai Goggo ta jera kyandir a taga, ta rataye cinyar rago a ɗakin hayaƙi, sannan ta bi dangi da waya ɗaya bayan ɗaya: "Lahadi ne. Kowa ya zo da wuƙarsa." Ba gaisuwa, ba ya yara. A ranar ake murza kwaɓin har sai an ga hasken fitila ta cikinsa, a kifa faranti a kai a yanke shi zagaye, kowa ya zauna ya yanka masa ado da ƙaramar wuƙa, a soya da kitsen tumaki, a ajiye sai Kirsimeti. Murzawar ce aikin ƙarfi, kuma Goggo ba ta taɓa barin kowa ya taɓa mata ita ba. Ni kuwa tun ranar da na yanka tauraro ya fito kamar ƙafar kaza aka kore ni zuwa bakin tukunya, har na yi furfura ina nan.

Masu sayen murzajje a gidan burodi su ne abin zaginta na kowace shekara. "Su soya har da kwalin mana," takan ce, "ai ɗanɗanonsu ɗaya."

To, bana hannunta ya fara rawa. Ni da idona na ga kofi yana kaɗawa a kan farantinsa, ta yi maza ta danne da ɗaya hannun. Unnur, wadda ke aikin jinya a birnin Akureyri, ta samo mata ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita. Aka yi ta kai ruwa rana. Da ran Unnur ya ɓaci sai ta ce, "To Mama, in kika murza burodin bana ke kaɗai, na bar maganar. In kika kasa, bayan sabuwar shekara ki tattara kayanki." Goggo ta ce ta ji ta gani. Ni kam na san in aka raba matar nan da tagarta da kajinta, ba za ta daɗe ba.

Ranar Lahadi muka iso cikin dusar ƙanƙara, muna kakkaɓe takalma a bakin ƙofa. Muka tarar da gida fes, kofi a wuta, ga fulawa a kan tebur, a ƙasa, har a girar Goggo. A gefe kuma ga burodi a jere, murzajje, an rufe da farin ƙyalle.

"Tun asuba na gama," ta ce, tana kallon Unnur ido cikin ido. "Na gaji da jiran malalata."

Unnur ta ɗaga ɗaya ta duba a fitila, ta ajiye. Aka zazzauna aka shiga yanka ana hira, ana gulmar sabon limamin coci da muryarsa mai sa barci, yara na gasar wanda adonsa ya fi kyau. Ni ina bakin tukunya ina tsoma ɗaya ina tsamo ɗaya. Can na lura duk burodin kamar uwa ɗaya ta haife su, alhali na Goggo kullum gefe ɗaya ya ɗan fi kauri. Na ci gaba da suyata.

Baffa Bergur, ƙanen Goggo, shi ya ɓaro aiki. Mutumin nan bai taɓa yanka ado ko ɗaya ba a rayuwarsa. Abin da ke kawo shi shi ne gutsattsarin gefe, wato ragowar da ke zuba in an zagaye faranti da wuƙa. Su ake soyawa daga ƙarshe a ci da zafi, tun da burodin kansa ba mai taɓawa sai Kirsimeti. Ya shafa tumbinsa ya ce, "Yaya, a fito da gutsattsarin mana, tun safe ban sa komai a cikina ba saboda su."

Yara suka ɗauka: "Gutsattsari! Gutsattsari!"

Goggo ta tuna da barbaɗa fulawa, ta tuna da ƙyalle, ta ɓatar da kwalin shago. Amma wadda ba ta taɓa saye ba, ina za ta tuna cewa na shago ba ya zuwa da gefe? Na ga wuyanta ya yi ja.

"Kare ya cinye," ta ce.

"Duka?" Baffa ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Haba Yaya, dubi cikinsa a shafe. Da shi ya ci, ai da yanzu sai an mirgina shi waje."

Wasu suka yi dariya, Goggo ba ta yi ba. Ta ɓoye hannayenta a bayanta. Unnur ta dubi karen, ta dubi uwarta, ta daɗe tana kallonta. Tausayi ya kama ni har na manta da burodi a mai ya ƙone.

"Mama ke ma dai," in ji Unnur, "ba a ɗakin ajiya kika sa su ba don kada su bushe? Hulda, zo ki taya ni."

Hulda ni ce. Na bi ta. Da ta rufe ƙofa sai ta zaro sauran burodin da ba a yi wa ado ba daga cikin rigar sanyinta, ban ma ga lokacin da ta ɗauke su ba. Ta miƙo mini wuƙa.

"Ki karkace hannu," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki yanka a miƙe. Wannan aikin dai na san kin iya shi."

Tana yanka tana share ido da bayan hannu. Muka fito da kwano cike, na soya, aka yi wawaso. Baffa ya cika baki yana lumshe ido.

"Kun ji hannun Yaya ke nan," ya ce. "Na shago ko kusa ba ya wannan ƙamshin."

Da jama'a suka fita tayar da motoci, muka rage mu uku a wurin wanke-wanke. Goggo ta zauna a kujera, karon farko a ranar.

"Mai motar madara ne ya kawo mini," ta ce. "Na gwada, Unnur. Kwana biyu ina gwadawa, yana yagewa. Ki gaya wa mutanen naki na gidan tsofaffi ina nan tafe."

Unnur ta ci gaba da goge tukunya ba ta juyo ba.

"Baɗi zan zo tun Juma'a in murza," ta ce. "Ke kuma ki zauna a kujerar nan ki yi ta zagina."

Goggo ta ɗago kai a hankali.

"Baɗi? A nan?"

"A ina kuma, Mama?"

Goggo ta juya ta kalli taga. Can ta ja hanci, ta gyara zama.

"To ki zo tun Alhamis," ta ce. "Na san hannunki. Na farkon da za ki murza duk kaji za mu ba."