Guɗar da Hajiya ta yi wa auta

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta yabe ni. Kunya ce, na sani, haka aka raine ta a Kano. Amma ni na ɗauko ta na kawo ta gidana a Largo, kusa da Washington, ni nake auna mata jini kullum kafin in wuce asibiti wurin aiki, kuma har yau ina jiran "sannu da ƙoƙari" guda ɗaya daga bakinta.

Autanmu kuwa a bakinta yake kwana yake tashi. Sana'arsa jagorancin makaɗan Turawa. Zauren kiɗa cike da masu goge da ƙaho da ganguna, shi yana tsaye a gabansu yana kaɗa wani ɗan tsinke. Ko garaya ba ya riƙewa! Bana yana Jamus, baɗi Japan, duk inda ya sauka sai Hajiya ta sa jikokinta su nuna mata a taswira. Ba zan ɓoye ba, abin yana cina.

Da aka gayyace shi wasa a Washington wata Lahadi da rana, ni na tura Hajiya a kekenta na marasa lafiya har layin gaba, matata na biye. Na sunkuya na ce, "Hajiya, a nan ba a tafi sai an gama gaba ɗaya. In kin ji sun yi shiru a tsakiya, numfashi suke ja."

Ta gyara mayafi.

Yaro ya fito cikin baƙar kwat, ya juya mana ƙeya, aka fara. Kiɗan da daɗi, wannan ma ya ƙara ɓata mini rai. Da kashi na farko ya ƙare, zaure ya yi tsit. Sai Hajiya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin ta ranar kai amarya. Turawa duk suka waiwayo. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, yau dai zai ji kunyar uwarsa a bainar jama'a.

Sai ya juyo, ya ajiye tsinken, ya durƙusa har ƙasa a kan dandamalin ya gaishe ta. Zaure ya kaure da tafi.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Hajiya, ranar da na zama likita kina wurin. Ni ban ji guɗa ba."

Matata ta mintsine ni. Hajiya ta daɗe tana kallon titi ta taga, har na sa rai. Can ta ce, "Yaushe jirgin yaron nan zai tashi gobe? Ina so in yi masa rakiya."

Na ce da hantsi ne. Ni na kai su, ni na ɗaukar masa jaka.